Ranar al'adun Afirka a makaranta: me yara za su yi banda sa kaya da ɗaukar hoto?

Wata malamar firamare ce ta turo tambaya, ta ce an ɗora mata shirya ranar al'adun Afirka a makarantarsu ranar 25 ga Mayu, saura sati uku, yara wajen sittin 'yan aji uku zuwa biyar, kuɗin da aka ware kuma bai taka kara ya karya ba. Ta ce duk shekara abu ɗaya ake maimaitawa, a sa wa yara kayan Fulani da na Yarbawa da na Ibo a yi hoto a ci abinci a watse, ita kuma tana son wasanni da kiɗa da sana'ar hannu da yara za su yi da kansu.

Toh Malama sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da lada. Na daɗe ina koyar da zane da ƙere-ƙere a firamare kuma irin wannan rana na shirya ta ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba, don haka abin da ya yi min aiki zan faɗa miki, da wanda ya ba ni kunya.

Kafin komai ki cire kalmar "na Afirka" daga bakin yaran nan. Ƙasashen Afirka 54 ne a Majalisar Ɗinkin Duniya, babu wani abu wai shi kiɗan Afirka ko zanen Afirka, akwai dai zanen Asante na garin Ntonso, akwai rinin Bambara na Mali, akwai wasan 'yan matan Gana. Duk abin da yaro zai taɓa ranar ki tabbatar ya san sunan abin da sunan mutanen da ke yin sa da inda suke a taswira. Ki samu babbar taswira ki manna a bango, ko ki zana ta a ƙasa da alli, duk wanda ya gama aiki ya je ya tsaya a kan ƙasar da aikin ya fito. Ita kanta ranar ki faɗa musu dalilinta a jimla biyu, ranar 25 ga Mayu 1963 ne shugabanni suka haɗu a Adis Ababa suka kafa ƙungiyar haɗin kan Afirka, shikenan, kar a tsaya dogon jawabi yara na hamma.

Da wasa zan fara don nan ne kuɗi ba ya shiga ko kaɗan. Ki je wajen mai shayi ko mai saida ƙwai ki roƙi tsofaffin kiret na kwali. Ki ƙirga ramukan kiret ɗaya, talatin ne, layi biyar gida shida-shida, wanda shi ne daidai gidan darar da dattawa ke haƙawa a ƙasa a gindin bishiya. Ni ranar da na lura da wannan sai da na yi dariya ni kaɗai. Kowane ɗan wasa 'ya'ya goma sha biyu, ɗaya ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya ɗauki guntayen kara. Da farko ana dasawa ne ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda ka jera uku ba a lokacin dashe. In an gama dasawa gida shida ne kawai za su rage babu kowa, sai a fara matsawa taki ɗaya, gaba ko baya ko gefe, banda karkace. Duk wanda ya jera uku cif a layi ya ci, sai ya ɗauke ɗa ɗaya na abokin wasa, huɗu kuma ba ci ba ne. Wanda ya kai matsayin da ba zai iya jera uku ba an cinye shi. A Nijar za ki ji ana ce mata dili.

To daga nan sai ki ɗauke su zuwa Lesoto da Afirka ta Kudu, can akwai morabaraba, shi ma goma sha biyu-goma sha biyu ne, shi ma jera uku ake nema, amma su 'ya'yan wasan shanu suke ce musu, kuma filin murabba'i uku ne wani cikin wani an haɗa su da layuka, mahaɗa 24. Da alli za ki zana a siminti, marafan kwalba su zama shanu. Yaron da ya iya dara da safe kafin azahar ya iya wannan.

Kiret ɗin nan dai, in kika yanka layi biyu kin samu gida goma sha biyu, wato ayo na Yarbawa, wanda Akan na Gana ke kira oware. 'Ya'ya 48, huɗu a kowane gida, ƙwallon tsamiya ya fi dacewa don ramin kiret ba shi da faɗi. Mu dai da muke yara irin wadda muka yi a tsakar gida ita ma dara muke ce mata, ka kwashi gida kana zubawa, in ɗan ƙarshe ya faɗa inda akwai 'ya'ya ka sake kwasa ka ci gaba har sai ka faɗa kango, ci kuma sai gida ya cika huɗu. Wadda ake gasa da ita a Gana ba haka take ba, kuma ita nake so ki koya musu don ta fi sa lissafi. Ka kwashe gida ɗaya daga layinka, ka zuba ɗaya-ɗaya kana tafiya hannun dama har ka zagaya layin abokin wasa, inda ɗan ƙarshe ya faɗa nan ka tsaya. In ya faɗa a gidan abokin wasa kuma gidan ya zama biyu ko uku, ka cinye, in gidan da ke bayansa ma biyu ne ko uku ka haɗa da shi. Wanda ya fara tara 25 ya yi nasara. Akwai wata doka da nake so sosai, in layin abokinka ya ƙare kaf kuma kana da halin zuba masa to dole ka zuba masa, ba a barin mutum da yunwa a ce an ci shi. Yara na yin gardama a kan wannan dokar kamar me, ki bar su su yi, gardamar ma karatu ce. Sai ki nuna musu a hoto cewa a Zanzibar akwai bao, a Yuganda akwai omweso, su layi huɗu ne gida takwas-takwas da 'ya'ya 64, amma kar ki ce za ki koyar da bao a rana ɗaya, manya ma yana ba su wahala.

Abu ɗaya dai, in 'yan nazire za su shigo kallo ki sa ido a kan ƙwallon tsamiyar nan, hanci suke turawa.

Na motsa jiki kuwa kar ki je nesa kafin ki fara da langa, yawancin yaran birni yanzu sunanta kawai suka sani, alhali har a gasar wasanni ta ƙasa ana yin ta tare da dambe da kokawa da ayo. 'Yan mata ki ba su ampe na Gana, mutum biyu su fuskanci juna, su yi tsalle tare da tafi, suna sauka kowa ta miƙo ƙafa ɗaya gaba. Tun farko an yi yarjejeniya, in ƙafafun sun zo iri ɗaya wannan ta ci, in sun saɓa waccan ta ci. Babu abin saye, kuma in suka kama shi sai kin kora su aji da bulala. Wanda ya je kudu ya ga yara na ten-ten zai ga kusan abu ɗaya ne. Carafke ma tana da 'yar uwa a Afirka ta Kudu da Botsuwana, diketo, a tara duwatsu a cikin da'ira a cilla ɗaya sama a jawo sauran waje kafin a cafe.

Sai sana'ar hannu, nan zan ɗan daɗe. Wanda ya fi burge yara a duk abin da na gwada shi ne bogolan na Mali, zanen da ake yi wa ado da laka. Abin da mutane ba su sani ba shi ne ba lakar ce kawai ke rina yadin ba, da haka ne da wanki ɗaya ta fita. Ana fara jiƙa farin yadin auduga ne a ruwan ganyen wata bishiya da Bambara ke kira ngalama, a shanya ya koma rawaya, sannan a zana da lakar ƙasan kogi da aka ajiye a tukunya ta daɗe tana ruɓa, wani lokaci har shekara. Ƙarfen da ke cikin lakar shi ke haɗuwa da ɗacin ganyen ya ba da baƙin da ba ya fita, ko an wanke lakar baƙin na nan. To wannan ngalama ɗin ba wata bishiya ba ce illa marke, marken nan namu da ake sassaƙa ƙota da shi. Kin ga kenan ba sai an je Bamako ba. Ki sa a samo miki ganyen, ki tafasa sosai, ki yanka farin yadi kamar girman hankici kowane yaro ɗaya, ki jiƙa ki shanya sau biyu ko uku kafin ranar. Yadin lallai ya zama auduga zalla, mai roba-roba ba ya kamawa, a nan mutane da yawa ke faɗuwa. Tunda ba mu da shekara guda ta jiran laka, dabarar da nake yi ita ce in zuba tsofaffin ƙusoshi masu tsatsa a ruwan tsamiya su yi sati ko fiye, in tace, in kwaɓa lakar da ruwan. Yaro ya zana da tsinke ko gashin kaza, a bar shi a rana ya bushe ƙarau, a ɗauraye. Lokacin da lakar ta zube baƙin zanen ya fito, ihun da suke yi sai kin ji. In marke ya gagara, bagaruwa ta majema na yi, shayi mai kauri ma na yi sai dai bai kai su ba. Lakar kuma babba ya ɗebo, kar a tura yara kududdufi su kwaso tsargiya.

Wannan aikin shi zai buɗe miki ƙofar maganar rini gaba ɗaya, karofin Ƙofar Mata a Kano da ake cewa tun 1498 yake, da baba da toka, da adire na matan Abekuta waɗanda ke shafa kunun rogo a yadi su zana a kai kafin a tsoma a shuni, inda kunun ya rufe rini ba ya shiga. Amma don Allah Malama kar ki sayo garin rinin kasuwa da ake haɗawa da soda. Na taɓa yin wannan gangancin a wata makaranta da na koyar, ina ganin ai na sa musu leda a hannu, yarinya ɗaya ledarta ta huje, yatsunta suka saɓule, sai da na je har gidansu ba da haƙuri kuma har yau in na tuna raina ɓaci yake. In ɗauri da tsomawa kike so su gwada, ga zoɓo, ga bawon albasa, ga kurkum, ga karan dafi. Ba za su yi ƙarko kamar baba ba, amma ba mai ƙonewa. Zoɓo ma har wasa yake da shi, ki ɗiga lemon tsami ya ƙara ja, ki ɗiga ruwan kanwa ya juye ya koma kore-kore, malamin kimiyya zai gode miki.

Na biyu adinkra. A Ntonso kusa da Kumasi a Gana ake yin sa, hatimi ake sassaƙawa da sakaina, a dafa ɓawon wata bishiya har ya yi kauri ya zama baƙar tawada, a ja layuka a kan zane da matajin katako a raba shi gida-gida, sannan a bi kowane gida ana buga alama. Asali zanen zaman makoki ne, kuma kowace alama da maganarta. Akwai Gye Nyame, ma'anarta kusan abin da mu muke cewa "sai Allah". Akwai Sankofa, tsuntsun da ya waiwaya baya, wato abin da ka bari a baya ba laifi ba ne ka koma ka ɗauko. Akwai Dwennimmen, ƙahon rago, ƙarfi tare da ƙanƙan da kai. Ke za ki yanka hatiman da kanki a gida da dankali ko tsohon silifas, reza ba ta zuwa hannun yaro, tawada kuma ta allo ta wadatar, ta gawayi da ƙaro. Bayan sun buga na Asante sai ki ce kowa ya kawo karin maganar Hausa ɗaya daga gida ya ƙirƙiro mata alama. Wani yaro ya taɓa zana min faifai da ɗigo-ɗigo a ƙasansa wai "in ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta", na ce ina gemun, ya ce Malam ai ruwan ne ake shafawa, faifan kuma fuska ce. Na ba shi maki cikakke. Kuma nan akwai dangantaka ta gaske da za ki faɗa musu, fataken Hausa sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja sayen goro, har yau in kin shiga zangon Kumasi Hausa za ki ji.

Kente da takarda kowa na yi, ba laifi, amma a yi shi yadda zai koyar da wani abu. Ainihin kente na garin Bonwire a Gana ba faffaɗan yadi ake saƙawa ba, tsiri-tsiri ne sirara kamar faɗin tafin hannu, sai a ɗinke su gefe da gefe, irin dai yadda masaƙanmu ke yin saƙi. Don haka kowane yaro ya saƙa tsiri ɗaya da takardu masu launi, a ƙarshe a manne na aji duka ya zama zane guda a rataye. A 2024 ne UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin kayan gadon duniya, in kina son abin faɗa wa iyaye. In akwai ragowar fenti da kwali, zanen bangon Ndebele na Afirka ta Kudu ma na da sauƙi, baƙin layi mai kauri a cike tsakani da launuka masu haske. Esther Mahlangu, shahararriyar mai zanen Ndebele, da gashin kaza take zanawa ba ta sa rula, kuma a 1991 kamfanin BMW ya ba ta mota sukutum ta zane. Ki ajiye hoton aikinta kusa da hoton gidan Zariya ko na Birnin Damagaram mai dagi a goshi, ki tambaye su me ya haɗa me ya raba.

Abin da ba na yi shi ne abin rufe fuska. Kowane littafin ayyukan yara da aka buga a waje da shi yake farawa, a ɗauki faranti na takarda a huda ido a ce dodon Afirka. Na ɗaya, a wajen masu abin, ko egungun na Yarbawa ko na Dogon a Mali, ba kayan wasa ba ne, abin addininsu ne, ba kowa ma ke da izinin sawa ba. Na biyu kin san iyayenmu, yaro ya koma gida da fuskar dodo washegari kina ofishin hedimasta. Ki bar shi kawai.

Haka kiɗa, ki san irin iyayen makarantarku tun wuri, wasu ba ruwansu wasu kuma ko ganga ba sa son ji, gara ki yi magana da shugaban makaranta yanzu da a zo ana cacar baki ranar taro. In an yarda, ƙwarya da baho sun ishe ki, ki kifa ƙwarya a kan ruwa a buga da ludayi ko tsinke kamar yadda mata ke yi a biki, a ɗaga ta kaɗan ko a danna a ji murya ta canza. Buzaye kuma turmi suke ɗaure wa fata ya zama tende. Robar ruwa da tsakuwa ta zama caki. Gwangwanin madara biyu, babba da ƙarami, su ba ki murya biyu, ta ƙasa da ta sama, kuma da su za ki nuna musu yadda kalangu ke magana, don Hausa da hawa da sauka take tafiya. Audu sama ne sai ƙasa, Bala ƙasa ne sai sama, Talatu ƙasa sama ƙasa. Ki buga, su canki sunan wa aka kira, wanda aka kira bai tashi ba ya fita. Daga nan sai ki ce musu abin da kalangu ke yi wa mahauta shi dundun ke yi a ƙasar Yarbawa, shi lunga ke yi wa sarakunan Dagomba a Gana, shi tama ke yi a Senegal. 'Yan aji biyar masu son ƙira za su iya haɗa ƙaramar mbira ta Shona na Zimbabuwe, katako da ƙarafan tsohuwar lema da kafinta ya daddaƙe musu baki, dogo ya ba da murya ƙasa gajere sama, ta gaske tana da harsuna 22 zuwa 28 kuma har marafan kwalba ake maƙala mata don ta riƙa zuzu, taku biyar ma ya isa. Kuma kar yaro ya raina kayan bola, kuntigin da Ɗan Maraya Jos ya zaga duniya da shi irinsa da gwangwanin kifi ake yi.

In kuma an ce ba ganga, tafi bai zama matsala ba. Ki raba su gida biyu kowa na ƙirga ɗaya zuwa shida, rukunin farko su tafa a 1 da 3 da 5, na biyu a 1 da 4. Uku kenan a kan biyu, wanda shi ne ƙashin bayan kiɗa da yawa a yammacin Afirka, 'yan matan da suka taɓa gaɗa za ki ga jikinsu ya riga ya sani. Minti biyar na farko hargitsi ne, kar ki karaya.

Rufewa kuma da tatsuniya, amma ba ke za ki yi ba, ki gayyato kakar wani daga cikin yaran ta ce ga ta nan ga ta nanku. In ta gama ta Gizo da Ƙoƙi sai ki gaya musu Akan ma gizo-gizo ne gwanin wayonsu, Ananse, har bayin da aka kwashe suka tsallaka da shi Jamaika, Yarbawa kunkuru ne, Ijapa, masu Suwahili kuma zomo. In akwai iyaye Yarbawa ko Ibo ko Tibi ko Barebari a makarantar ki roƙi ɗaya ko biyu su zo su koyar da wasan da suka yi suna yara, ya fi duk abin da za ki kwafo a waya.

Kar ki ce duk za ki yi waɗannan. Yara sittin, ki yi tasha biyar, sha biyu-sha biyu, kowace tasha babba ɗaya, minti ashirin da biyar a kaɗa ƙararrawa a juya. Ni da ni ne zan ɗauki dara da oware a tasha ɗaya, ampe da langa a fili, bogolan, adinkra, sai gwangwanaye da tafi. Bogolan ki sa rukunan su fara shi da wuri don ya samu rana, na rukunin ƙarshe a ɗauraye washegari ba komai. Dokokin oware kuma ki koya wa yara shida tun sati mai zuwa a lokacin tara, su za su koya wa sauran, ke ba za ki iya rabuwa gida biyar ba. Ƙusoshin nan ki jiƙa su yau ko gobe, ki gwada a ƙyalle ɗaya a gida kafin ki yanka yadin duka, in baƙin ya fito fari-fari ki ƙara tsoma yadin a ruwan marke ki ƙara wa ƙusoshin kwana.